Teburin bilakjak: yadda ake wasan ashirin da ɗaya, da inda gidan caca yake ɓoye ribarsa

Sana'ata koyar da lissafi ce a wata kwaleji a Amurka, kuma na daɗe ina amfani da wasan kartar nan da ake kira bilakjak wajen fahimtar da ɗalibai yadda ake auna yiwuwar aukuwar abu. Amma ban taɓa ganin wasan a mazauninsa ba sai da wani taron malamai ya kai ni Las Begas, a jihar Nebada, aka sauke mu a wani otal wanda ba ka isa ɗakin kwananka sai ka ratsa tsakiyar zauren caca. Dare uku na yi ina tsayawa a bayan 'yan wasa ina kallo. Ban zauna ba, ban kuma zuba ko sisi ba, domin hukuncin caca a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ba ni da wani tawili a kansa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne saƙon da ɗan yayata ya aiko mini bayan ya ga wasan a wata manhajar waya, inda ya ce, "Kawu, wai da gaske ne idan mutum ya iya lissafi zai iya cinye gidan caca a wannan wasan?" Tambayar ta cancanci amsa cikakkiya, kuma ba a iya ba da ita sai an bi wasan daki-daki tun daga lokacin da mutum ya jawo kujera.

Wasan tsoho ne. Marubucin Sifaniya Miguel de Cervantes ya ambaci wata karta mai suna ashirin da ɗaya a wani gajeren labarinsa da aka buga a 1613, Faransawa kuma sun yi ta da wannan sunan a harshensu a ƙarni na 18, sannan ta samu gindin zama a Nebada bayan da jihar ta halatta caca a 1931. Manufarsa ba ta da wuyar faɗa, sai dai mutane da yawa suna faɗin ta ba daidai ba. Ana cewa burin ɗan wasa shi ne ya kai 21, alhali burinsa shi ne ya ci mai raba karta, wanda ake kira dila, ko dai ta hanyar fin sa yawan maki ba tare da ya zarce 21 ba, ko kuma ta hanyar tsayawa ya bar dilan ya zarce da kansa. Wanda ya zarce 21 ya ƙone. Sauran mutanen da ke zaune a teburin ba abokan karawarka ba ne, kowa da dila yake yi, kuma mutum yana iya cin wasa da maki 12 kacal idan dila ya ƙone.

Kartar da ke ɗauke da lamba daga 2 zuwa 10 makinta shi ne lambarta. Masu hoto guda uku, wato masu haruffan J da Q da K, kowacce maki 10 ce. Mai harafin A, wadda ake kira as, tana zama 1 ko 11, duk wanda ya fi amfanar mai ita. Launi da alamar karta ba su da wani tasiri. A nan akwai adadin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk dabarar wasan a kansa aka gina ta: a cikin fakiti mai karta 52, guda 16 ne masu maki 10, wato kusan kashi 31 cikin 100, yayin da kowace lamba dabam guda 4 ce kawai. Idan kartoci biyun farko da aka ba mutum suka kasance as da mai maki 10, wannan shi ne bilakjak ɗin kansa, yana zuwa kamar sau ɗaya a cikin hannu 21, kuma ya fi duk wani 21 da aka haɗa da karta uku ko fiye.

Teburin kansa rabin da'ira ne, an lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi, galibi kore, dila yana tsaye a gefen da yake miƙaƙƙe, kujeru biyar zuwa bakwai kuma suna kewaye da gefen da ya lanƙwasa. A kusurwa akwai ƙaramin allo da ke nuna mafi ƙarancin kuɗin da za a iya zubawa da mafi yawansa. A Nebada sai mutum ya cika shekara 21 ake barinsa ya zauna. Wanda ya zauna ba ya miƙa wa dila kuɗi hannu da hannu, a kan ƙyallen yake ajiye su, dila ya baje su ya ƙirga a fili, ya tura su cikin wata kafa da ke jikin teburin, sannan ya turo masa kwabban wasa. Launinsu kusan ɗaya ne a ko'ina a Amurka: ja dala 5, kore dala 25, baƙi dala 100. Dalilin wannan tsari duka shi ne kyamarorin da ke rufin zauren, waɗanda dole ne su ga kowane motsi na kuɗi. Na lura cewa ko dila zai bar teburin a canje shi, sai ya tafa hannu ya buɗe tafukansa sama, don a shaida bai ɗauki komai ba.

Ɗan wasa yana ajiye kwabbansa a cikin da'irar da aka zana a gabansa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kuma da zarar an fara rabo ba ya sake taɓa su. Dila yana fara rabo daga hagunsa, kowa karta biyu, shi ma biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a kife. A yawancin tebura ana zaro kartar ne daga wani akwati mai ɗaukar fakiti 6 ko 8, wato karta 312 ko 416, ana ajiye na 'yan wasa a buɗe, kuma ba a yarda su taɓa su ba. A teburin fakiti ɗaya ko biyu, inda dila yake riƙe da kartar a hannunsa, ana jefo su a kife, ɗan wasa ya ɗauka da hannu ɗaya, ba tare da ya janye su daga saman teburin ba. Idan kartar dila ta fili as ce ko mai maki 10, yana leƙa ta kifen da wata 'yar na'ura kafin kowa ya motsa, in bilakjak ce a gama zagayen nan take. A gidajen caca da yawa na Turai dila ba ya ɗaukar karta ta biyu sai kowa ya gama, kuma wannan ya ɗan sauya lissafin.

Daga nan sai zaɓi ya zo, kuma da hannu ake faɗin sa, domin kyamara ba ta jin magana. Mai son ƙari yana ƙwanƙwasa teburin da yatsa a kusa da kartarsa. Wanda ya ƙoshi yana wuce da tafinsa a kwance ta saman kartar. Mai son ninki yana ajiye wasu kwabban daidai da na farko a gefensu, ba a kansu ba, ya ɗaga yatsa ɗaya, sai a ba shi karta guda tak, kome kyanta kome muninta. Wanda aka ba karta biyu iri ɗaya yana iya raba su su zama hannu biyu, ya ajiye kuɗi na biyu daidai da na farko, ya nuna yatsu biyu. Wasu tebura suna yarda da sallamawa, wato mutum ya bar rabin kuɗinsa ya janye da rabi kafin ya karɓi wata karta. A teburin da ake riƙe karta a hannu kuwa, ƙari shi ne ka ɗan karci ƙyallen da gefen kartar, tsayawa kuma ka cusa ta a ƙarƙashin kwabbanka.

Shi dila ba shi da zaɓi ko kaɗan, kuma an rubuta dokarsa a kan ƙyallen kowa yana gani: dole ya ƙara idan makinsa 16 ne ko ƙasa, dole ya tsaya idan ya kai 17. Ba ya ninki, ba ya raba karta, ba ya duba abin da ke hannunka ya sauya shawara. Idan ka fi shi a biya ka daidai abin da ka zuba, idan kun yi canjaras a bar maka kuɗinka, idan ka samu bilakjak a biya ka uku a kan biyu, wato dala 15 a kan dala 10.

Duk wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka cewa an fifita ɗan wasa, tunda shi ne mai zaɓi, shi ne kuma ake yi wa ƙarin biya. Ɗalibaina ma haka suke ɗauka a kowace shekara, har sai na tambaye su wane ne yake fara wasa. A nan gizo yake saƙa. Ɗan wasa ne yake fara karɓar karta, kuma da zarar ya ƙone dila yana kwashe kwabbansa nan take, ko da shi dilan zai ƙone bayan daƙiƙa goma a wannan zagayen. Canjaras ɗin da ya kamata a ce an yi a lokacin da duka biyun suka ƙone, gida ne yake cinye shi. Dila yana ƙonewa kamar sau 28 cikin 100. Idan mutum ya ce zai kwaikwayi dila, ya ƙara har 17 sannan ya tsaya, shi ma zai ƙone kamar sau 28 cikin 100, su biyun kuma za su ƙone tare kamar sau 8 cikin 100, kuma waɗannan takwas ɗin duka na gida ne. Ƙarin biyan da ake yi a kan bilakjak yana dawo masa da kashi 2 da 'yan kai, ya rage gida yana da rinjayen kusan kashi 5 da rabi. Ninki da rabawa da 'yancin tsayawa a ƙasa da 17, duk an ba ɗan wasa su ne ya cike wannan ramin, kuma suna cike mafi yawansa, amma ba sa cike shi duka.

Waɗanda suka fara auna iyakar abin da za a iya cikewa wasu sojojin Amurka ne guda huɗu masu ilimin lissafi, Roger Baldwin da Wilbert Cantey da Herbert Maisel da James McDermott, waɗanda suka yi aikin da injinan lissafi na kan tebur, suka buga sakamakonsa a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka a 1956. Abin da suka fitar, wanda kwamfuta ta ɗan gyara daga baya, shi ne ake kira dabarar tushe: jadawali ne da ke faɗin abin da ya fi dacewa a yi da kowane hannu a gaban kowace kartar dila. Wanda ya bi shi ba kuskure, a tebur mai dokoki masu kyau, yana sauko da rinjayen gida zuwa kusan rabin kashi ɗaya, wato santi 50 a kowace dala 100 da ta ratsa da'irarsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ana sayar da wannan jadawalin a kan ɗan kati a shagunan otal ɗin, kuma dila ba ya hana ka duba shi a kan tebur. Gida bai damu ba, domin ya san ko ka bi katin yana da riba, ya kuma san mafi yawan mutane ba za su bi shi ba.

Ruhin jadawalin shi ne ka fi kallon kartar dila ta fili fiye da taka. Idan tana tsakanin 2 da 6, dila yana cikin rauni, tunda dole ne ya ƙara, kuma da 5 ko 6 a fili yana ƙonewa kusan sau 42 cikin 100. A irin wannan hali mai maki 13 zuwa 16 yana tsayawa ne, ya bar dila ya ɗauki kasadar. Mai maki 12 yana tsayawa a gaban 4 da 5 da 6, amma yana ƙari a gaban 2 da 3, saboda karta mai maki 10 ce kaɗai za ta ƙona shi, dila kuma bai yi rauni sosai ba. Idan kuwa kartar dila 7 ce ko sama, ƙonewarsa tana faɗuwa zuwa kusan sau 26 cikin 100 ko ƙasa da haka, saboda haka mai maki 12 zuwa 16 dole ya ƙara har ya kai 17. Ya kamata a fahimci cewa tsayawa da 13 a gaban 6 ba nasara ba ce, domin dila zai tsira sau 58 cikin 100 ya cinye ka. Zaɓi ne tsakanin asara babba da asara ƙarama, kuma kaso mai yawa na jadawalin irin wannan zaɓin ne.

Hannun da ya fi nuna haka shi ne 16 a gaban 10, wanda na ga ya sa wani dattijo ya riƙe yatsansa a sama ya kasa sauke shi. Idan ya tsaya, dila zai ƙone sau 23 kawai cikin 100, ya sha kashi a sauran 77. Idan ya ƙara, lambobi 5 ne cikin 13 ba za su ƙona shi ba, daga as zuwa 5, kuma ko ya tsira ba lalle ya ci ba. Idan aka tattara lissafin, kowace hanya tana cinye masa kusan santi 54 a kowace dala, ƙari ya ɗara tsayawa da ɗan abin da bai kai santi ɗaya ba. Shi ya sa sallamawa, inda asarar santi 50 ce daidai, ta fi su duka a wannan hannun, haka ma 16 a gaban 9 ko as, da 15 a gaban 10. Mutane suna ƙyamar sallamawa saboda tana kama da tsoro, amma a waɗannan wurare kaɗan ita ce mafi arha.

Inda ɗan wasa yake samun abin da yake rage asararsa shi ne ninki da rabawa, wato wuraren da yake ƙara kuɗi a lokacin da rinjaye ya koma wajensa. Maki 11 ana ninka shi a gaban kowace karta daga 2 zuwa 10, saboda kusan kashi ɗaya cikin uku na kartar da za ta zo za ta kai shi 21. Maki 10 ana ninka shi a gaban 2 zuwa 9, maki 9 kuma a gaban 3 zuwa 6. As biyu kullum ana raba su, domin a haɗe 12 ne kawai, a rabe kuwa kowanne mafarin 11 ne, ko da yake galibi karta ɗaya ake ba kowanne, kuma 21 da aka samu ta wannan hanya ba a biyan sa uku a kan biyu. Takwas biyu ma ana raba su, don a tsere wa 16. Masu maki 10 guda biyu ba a raba su, tunda 20 hannu ne da ba a wasa da shi, biyar biyu kuma 10 ne da ya fi dacewa da ninki. Tara biyu ana raba su a gaban 2 zuwa 6 da 8 da 9, amma a gaban 7 ana tsayawa, saboda 18 ya riga ya fi 17 ɗin da ake kyautata zaton dila zai tsaya a kai.

Hannun da as ɗinsa yake zaman 11 ana ce masa mai taushi, saboda karta ɗaya ba ta iya ƙona shi, as ɗin komawa 1 kawai zai yi. A nan na ga kuskure ya fi yawa. As da 6, wato 17 mai taushi, ba a tsayawa a kansa ko kaɗan, ko dai a ƙara ko a ninka. As da 7 kuwa, wanda kowa yake murna da shi a matsayin 18, ana tsayawa a kansa a gaban 2 da 7 da 8, a ninka a gaban 3 zuwa 6, amma a gaban 9 da 10 da as ƙari ake yi, abin da a dare ukun nan ban ga mutum ko ɗaya ya yi ba.

Idan dila ya buɗe as, zai shafa hannu a kan wani layi da ke tsakiyar ƙyallen ya yi tayin inshora. Sunan yana yaudara, domin ba ta kare komai, wata caca ce dabam a kan ko kartar kifen mai maki 10 ce. Ana zuba rabin kuɗin farko, a biya biyu a kan ɗaya. Kafin irin wannan biya ya zama adalci, sai masu maki 10 sun kai kashi ɗaya cikin uku na kartar da ta rage, amma a akwatin fakiti 6 su 96 ne cikin 311. Wanda ya zuba dala 5 sau 311 zai ci dala 960, ya yi asarar dala 1,075. Rinjayen gida a nan ya haura kashi 7 cikin 100, ya ninka na ainihin wasan fiye da sau goma, kuma lissafin bai canza ba ko da mutum yana riƙe da bilakjak aka yi masa tayin ya karɓi biyan ɗaya a kan ɗaya ya huta.

Rubutun da ke kan ƙyallen ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne abin da mutane ba sa karantawa. Tun wajen farkon shekarun 2000 aka fara yaɗa tebura masu biyan shida a kan biyar a maimakon uku a kan biyu. Ga kunnen da bai saba ba, shida da biyar sun fi uku da biyu girma, alhali a kan dala 10 ana biyan 12 ne a maimakon 15. Wannan sauyin kaɗai yana ƙara wa gida kusan kashi 1.4 cikin 100, wato ya mai da rabin kashi ya koma kusan kashi biyu. Ina ganin wannan rashin gaskiya ne ga mutanen da suka fi ƙarancin kuɗi, domin a zauren da na tsaya teburan da ke kusa da ƙofa, masu ƙaramin kuɗin shiga, su ne masu shida a kan biyar, na uku a kan biyu kuma suna can ciki inda mafi ƙarancin zubi ya fi tsada. A wasu tebura akwai kuma layin da ke cewa dila yana ƙari a kan 17 mai taushi a maimakon ya tsaya, wanda yake ƙara wa gida kusan kashi 0.2.

Camfi ma yana da kujerarsa a teburin. Wanda ya zauna a kujerar ƙarshe, ta hannun daman dila, shi ne yake wasa dab da dila, kuma na ga an harare wata mata har ta tashi saboda ta karɓi 10 ɗin da wai da ita za ta ƙona dila. Babu wanda ya san jerin kartar da ke cikin akwatin, saboda haka kuskuren maƙwabci yana cutar da kai a wani zagaye ya amfane ka a wani, daidai wa daida, sai dai zuciya tana riƙe na cutarwar ta manta da na amfanin. Haka nan tsarin da ake yi wa sababbi talla, na ninka kuɗi bayan kowace asara don a dawo da komai a ci ɗaya. Wanda ya fara da dala 10 ya faɗi sau bakwai a jere ya zubar da dala 1,270, kuma zubi na takwas dala 1,280 ne, duk don neman ribar dala 10, idan ma allon teburin bai riga ya tsayar da shi a dala 1,000 ba. A wasan da mutum yake ci kusan sau 42 cikin 100, ya faɗi kusan sau 49, sauran kuma canjaras, faɗuwa bakwai a jere ba baƙon abu ba ne.

Yanzu sai tambayar ɗan yayata. Gaskiya ne an taɓa cin gida da lissafi. Edward Thorp, wanda a lokacin yake malamin lissafi a jami'ar MIT, ya lura cewa kartar da aka raba ba ta komawa cikin fakiti sai an sake cakuɗawa, saboda haka abin da ya fita yana sauya abin da ya rage. Ya gwada hakan a kwamfutar IBM 704, ya buga littafinsa Beat the Dealer a 1962. Idan ƙananan kartoci sun fita da yawa, manya sun rage, bilakjak yana yawaita, ninki yana kyau, dila kuma yana yawan ƙonewa. Hanyar ƙirgar da ta fi shahara, wadda Harvey Dubner ya gabatar a 1963, tana ƙara ɗaya a kan kowace karta daga 2 zuwa 6, ta rage ɗaya a kan masu maki 10 da as, ta ƙyale 7 da 8 da 9, sannan a raba jimillar da yawan fakitin da ya rage, a zuba kuɗi da yawa idan adadin ya hau. Gidajen cacar Las Begas sun tsorata har suka sauya dokoki a watan Afrilun 1964, suka hana raba as, suka taƙaita ninki ga maki 11, amma cikin 'yan makonni suka janye saboda 'yan wasa sun ƙaurace. Maganin da suka samu daga baya ya fi dawwama: yawaita fakiti, sa katin yanka don a sake cakuɗawa tun da sauran karta da yawa a akwati, da injinan da ke mayar da karta ciki bayan kowane zagaye.

Ƙirga karta a ƙwaƙwalwa ba laifi ba ne a dokar Amurka, ko da yake amfani da na'ura laifi ne a Nebada tun 1985. Sai dai a Nebada gida yana da ikon ya ce maka ka daina wasa ko ka fita, kuma ma'aikatan da ke bayan kyamara aikinsu ke nan su gano wanda zubinsa yake hawa da sauka tare da ƙirga. A jihar New Jersey kotun ƙoli ta yanke a 1982, a ƙarar da Ken Uston ya shigar, cewa gida ba shi da ikon korar mai ƙirga, sai gidajen can suka koma cakuɗa karta da wuri. Ko gwani a yau ribarsa ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, kuma sai yana da jari mai kauri da zai jure watanni na asara kafin wannan kashi ɗayan ya bayyana. A manhajar waya irin wadda yaron ya gani, inda kwamfuta take sake cakuɗa karta bayan kowane hannu, babu abin ƙirgawa sam, domin abin da ya fita ya riga ya koma.

Na rubuta masa lissafin sa'a guda kamar yadda na gan shi. Tebur mai cike da mutane yana yin kamar hannu 60 a sa'a. Mai zuba dala 25 a kowane hannu ya ratsa da dala 1,500 ta da'irarsa ke nan, ko da kuɗin da ya shigo da su ba su wuce dala 200 ba, domin kwabban nan guda ne suke ta kai da kawowa, kuma a kan kowace ratsawa gida yake ɗibar kasonsa. Idan ya bi jadawali ba kuskure a tebur mai kyau, matsakaicin asararsa dala 7 da rabi ne a sa'a. Idan teburin mai shida a kan biyar ne, ta kusa dala 30, kafin a haɗa da inshora da tsayawa a kan 17 mai taushi. A dare ɗaya ba a ganin wannan matsakaicin, wani ya tashi da riba, wani ya tashi hannu rabbana, amma gida yana da tebura da yawa da ke aiki dare da rana, shi matsakaicin yake karɓa.

Wanda zai tashi yana jira a gama zagaye, ya tura kwabbansa gaban dila, dila ya jera su ya ƙirga a idon kyamara, ya canza masa ƙanana zuwa manya don su yi sauƙin ɗauka. Dila ba ya ba da takardar kuɗi, sai an je wurin mai biya, wanda a otal ɗin da na sauka yake can ƙuryar zauren, bayan an wuce sauran tebura duka. Dattijon nan mai 16 a gaban 10, a dare na uku ya tura jajayen kwabbansa aka ba shi baƙi ɗaya da kore biyu, ya ajiye wa dila ja guda na tukuici, ya nufi wurin mai biya. Kafin ya kai rabin hanya wani saurayi ya zauna a kujerarsa, ya ajiye dala 100 a kan ƙyallen, daidai kan rubutun da ke cewa shida a kan biyar.